Yajin Inna Kulu

Tun da hantsi Wasila ta baje kayan aikinta a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin rijiya. Fulawa, bota, gishiri, ruwan randa mai sanyi, da tsohuwar kwalbar da take murza ƙulli da ita. Gobe Asabar ce walimar saukar Ihsan, ƙanwar Junaid, kuma ita aka ba aikin biskit mai yaji na taron mata.

Ba mahaifiyarsu, Hajiya Mariyatu, ce ta ba ta aikin ba. Dabarar Junaid ce da ƙanwarsa.

Wata bakwai ke nan yana roƙon mahaifiyarsa ta yarda a tura manya Runjin Sambo, unguwar su Wasila, neman aurenta. Kullum amsarta ɗaya, a dakata. Ba ta ce a'a ba, ba ta kuma faɗi abin da ake jira ba. Shi ne Ihsan ta ce ita ta san uwarta, babu abin da ke sauko da Hajiya kamar mace mai hannu. A bari ta ɗanɗana aikin Wasila a gaban ƙawayenta, ta ji ana yabo, sauran zancen zai zo da sauƙi.

Lokaci kuwa ya ƙure. Ranar Laraba Kawu Maccido, yayan mahaifiyarta Inna Kulu, wanda ya riƙe Wasila tun tana goye, ya kira ta zaure. Ya ce dattawan Haruna mai kemis sun zo sau biyu, sau biyu yana mayar da su da haƙuri. Ba zai yi mata dole ba, ta yi jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta san abin da take so. Amma ba zai ƙara kunyata masu furfura ba saboda yaron da har yau ko goronsa bai shigo gidan ba. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Kowa a unguwar ya san Maccido ba ya magana biyu.

Saura kwana tara.

Ta murje botar cikin fulawa da yatsunta har ta yi kamar garin rogo, ta yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, ta haɗa ƙullin bai yi tauri ba bai yi ruwa ba. Sannan ta soma murzawa. Sirrin abin a nan yake. Sai ƙullin ya yi falan-falan har tana hango zanen furen da ke jikin faranti ta cikinsa, sannan ta yarda ya yi.

A gefe Inna Kulu tana daka. Barkono, citta, masoro, kimba, kanumfari, tafarnuwa busasshiya, ƙuli-ƙuli, da ɗan daddawa da ta fara gasawa a kan garwashi. Ba ta taɓa aunawa ba. Wasila ta sha zuwa da cokali da littafi don ta rubuta, Inna ta kore ta, ta ce hannu ne ke sani, ba takarda ba.

"Ke, wanga abu naki har yau mamaki shika ba ni," in ji Inna, tana juya tabarya. "Biskit na Turawa, yaji na ƙauye. Wa yah haɗa su aure?"

"Ni na haɗa su, Inna. Kuma ba su taɓa faɗa ba."

Inna ta yi dariya har ta yi atishawa.

Ke take ce mata. Wasila ɗiyar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya ba ta, don haka shekara ashirin da biyar ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ko a asibiti aka tambayi sunan yarinya, sai Inna ta waiwaya neman wanda zai faɗa.

Wasila ta ɗauki cokali mai yatsu ta soma tsattsaga ƙullin layi-layi, don kada ya kumbura a wuta. Aikin ba ya son tunani, shi ya sa tunani ke samun ta a cikinsa.

Ta san abin da Hajiya Mariyatu ke jira, ko da ba a faɗa ba. Gidan su Junaid yanzu a Arkilla yake, amma asalinsu 'yan Ƙofar Rini ne, gidan malamai da alƙalai, katangarsu ɗaya da gidan Malam Zayyanu, mahaifinta. A gaban idonsu abin ya faru.

Wasila tana da shekara biyu aka aiko daga ƙauye cewa mahaifiyar Kulu tana kwance, tana kiran sunanta. Malam Zayyanu yana da baƙi daga nesa, ya ce a bari su tafi. Kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku Kulu ta goya ɗiyarta ta fita ba da izininsa ba. Ta isa ƙauye ta tarar maza suna dawowa daga maƙabarta.

Bayan addu'ar bakwai ba ta koma Ƙofar Rini ba, ta sauka gidan yayanta. Ta ce ta yi yaji, sai Malam ya zo biko da kansa, ya ce mata ko da yi haƙuri ne. Shi kuma ya aiko cewa wadda ta fita da ƙafarta, ƙafarta za ta mayar da ita. Bai zo ba, bai rubuta takardar saki ba. Ita ma ba ta je gaban alƙali ba. Duk Sallah yana aiko wa Wasila turmin atamfa, ita kuma ta je ta durƙusa ta gaishe shi a zaure. Maganar aurenta ma ya ce wanda ya riƙe ta shi zai bayar.

Shekara ashirin da uku ana nan.

Ta yanka ƙullin ƙanana-ƙanana, kusurwa huɗu, ta jera a faranti. Babu wutar lantarki tun jiya, dama ba ta dogara da ita ba. Babbar tukunyar ƙarfe tana kan gawayi, da yashi mai tsabta a gindinta. Ta ɗora farantin a kan yashin, ta rufe, ta zuba 'yan garwashi a kan murfin. Ba a jima ba ƙamshi ya cika gidan har matar Kawu, Anti Khairiyya, ta leƙo tana tambaya ko akwai na 'yan kallo.

Da aka gama gashi, Wasila ta ɗumama man gyaɗa, ɗumi kawai, don in ya yi zafi barkonon zai ƙone ya yi ɗaci. Inna ta ɗebo yajin da tafin hannunta ta zuba, ta duba, ta ƙara kaɗan. Suka riƙe babbar roba su biyu suna juya biskit ɗin a hankali kamar masu lallashin jariri, har kowane ɗaya ya yi ja. Suka bar shi ya sha, suka sake mayar da shi tukunya ya bushe.

Inna ta ɗauki guda ta karya. Ya yi ƙaras.

"In wagga mata tac ci wanga ba ta sauko ba, to ba ta da halshe," ta ce. Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, ba ta dubi ɗiyarta ba, "Ko kuwa ba abinci ad damuwarta ba."

Wasila ta ga idanun Inna sun kawo ruwa. Kafin ta yi magana Inna ta goge da bakin zane.

"Yaji na," ta ce. "Ya shige man ido."

*

Bayan la'asar ranar Asabar gidan Hajiya Mariyatu ya cika. An shimfiɗa darduma a babban falo, mata sun jeru da manyan mayafai da ƙamshin turaren wuta. Ihsan ta karanta abin da ya sawwaƙa, muryarta na rawa, aka yi mata addu'a, sannan aka soma rabon abinci.

Wasila ta samu lungu kusa da ƙofar kicin ta zauna, kanta a ƙasa. Daga nan take kallon farantan suna zagayawa. Ta ga an wuce cincin, an wuce dublan, hannuwa suna komawa kan nata. Wata ta ɗaure guda biyar a bakin mayafi tana waige-waige. Wata tana fifita baki da hannu tana ƙara ɗiba.

Sai ta ga Hajiya ta ɗauki guda.

Ta ciza, ta tauna a hankali. Ta dubi sauran rabin da ke hannunta. Ta ɗauki na biyu tun ba ta gama na farko ba.

Ihsan ta hango Wasila daga can, ta kashe mata ido, ta taso ta kamo hannunta duk da tana noƙewa, ta kai ta har tsakiyar falon ta ce ga mai aikin nan.

Wasila ta durƙusa ta gaida su ɗaya bayan ɗaya. Yabo ya yi ta zuwa ta ko'ina. Wannan ta ce sai ta yi mata na sunan jikanta, waccan ta ce a ba ta lambar waya. Fuskar Hajiya a sake take, har ta ce wa Wasila ta matso ta zauna a kan darduma, kada ta zauna a ƙasa. Wata bakwai ba ta taɓa samun ko wannan ba.

Wata dattijuwa mai farin gilashi, gwaggon su Junaid, ta sunkuyo tana lasar yatsa.

"Biskit dai mun san na makaranta na. Amma yajin ga fa, yarinya? Ina kinka samo shi?"

Daɗi ya riga ya cika Wasila. Ga shi an taɓo abin da take alfahari da shi, ga dama ta samu ta ambaci uwarta da alheri a cikin gidan nan. Ba ta tsaya tunani ba.

"Wajen Innata na gaje shi," ta ce, tana murmushi. "Duk danginmu an san ta da yaji. Ita ke koya mani."

Falon ya yi tsit.

Sai da ta ji shirun sannan ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Ashe har koyarwa takai," in ji Gwaggo.

Wata ta fara ƙunshe dariya a mayafi, ta kasa. Daga nan ta bazu. Ba dariyar mugunta ba ce duka, wasu ma ba su san labarin ba, sai da na kusa ya raɗa musu sannan suka dubi Wasila da tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Ihsan ta buɗe baki za ta gyara zancen, ta ce yajin miya ake nufi, sai abin ya ƙara lalacewa.

Hajiya Mariyatu ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rabin biskit ɗin da ke hannunta a gefen faranti, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya da hankici.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," ta ce. "Kin hutar da mu tambaya."

Wasila ba ta san yadda ta fita ba. Ta dai tsinci kanta a bakin titi, takalminta ɗaya bai gama shiga ba, tana ɗaga wa mai keke hannu. Har suka isa Runjin Sambo wayarta na ruri a jaka. Ba ta ɗauka ba.

Da Inna ta tambaye ta yadda aka yi, ta ce an yaba, an cinye tas. Ba ƙarya ta yi ba. Ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo.

*

Washegari da hantsi Junaid ya zo. Ya tsaya a zaure da robar da ta kai biskit ɗin a hannu, an wanke ta fes, babu komai a ciki. A garin nan ba a mayar da kwano haka, ko ɗan sabulu ne a kan saka. Wasila ta dubi robar ta gane saƙon tun bai buɗe baki ba.

Ya rame a kwana ɗaya. Ya soma ba ta haƙuri, ya ce ya yi wa Gwaggo magana har ta yi fushi, Ihsan kuma tun jiya take kuka, tana cewa ita ta jawo. Ya ce kowa ya san ba abin da take nufi ke nan ba. Ya yi ta zagaye-zagaye, ita kuma tana tsaye jikin bango tana sauraro, har ya rasa abin faɗa.

"Junaid, mi Hajiya ta ce?"

"Za ta huce. Ki ba ni lokaci."

"Kwana bakwai gare ni. Ka faɗa mani abin da ta ce."

Ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa a hannu.

"Ta ce ita ba ta da matsala da ke. Ta ce ke yarinyar kirki ce." Ya daina murza hular. "Amma ba za ta tura manyanta neman aure a gidan da matar aure ke zaune shekara ashirin da uku, ba aure ba saki ba. Ta ce abin da yarinya ta tashi tana gani shi za ta yi ranar da aka ɓata mata."

"Sai me?"

"Wasila..."

"Akwai saura. Ina gani a fuskarka."

"Ta ce in Inna ta koma ɗakinta, ko yau ne, gobe za a turo."

Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. Ta bar su.

"Ka san dalilin da ya fitar da ita?"

"Na sani."

"Ka san ba ta ga gawar uwarta ba? Kalma ɗaya take jira, Junaid. Yi haƙuri. Shekara ashirin da uku tana jiran kalma ɗaya, ba ta samu ba. Ta yi dakau, ta yi wankau, ta sayar da yaji ƙulli-ƙulli ta kai ni jami'a, ba ta taɓa zagin mahaifina a gabana ba. Yanzu ni zan ce mata ta ɗauki akwati ta je ta durƙusa a zauren nan, don in samu miji?"

"Ban ce ki ce mata ba. Wallahi ban zo don haka ba."

"To don mi ka zo?"

Idanunsa sun yi ja. Ya ce zai je wajen ƙanin mahaifinsa, zai je wajen limamin unguwarsu, zai je har wajen Malam Zayyanu ya roƙe shi ya yi bikon nan ko da na baki ne. Ta ce masa mutane sun fi ashirin da suka gwada, har da waɗanda suka karantar da Malam ɗin. Ya ce to zai jira, ko shekara goma ne, ba zai auri kowa ba. Ta ce shi yana da shekara goma, ita kwana bakwai gare ta.

"Ba zan iya saɓa wa Hajiya ba," ya ce a ƙarshe. "Kuma ba zan iya barin ki ba. Ki faɗa mani yadda zan yi."

"Ni ma uwa gare ni," ta ce.

Ta karɓi robar daga hannunsa ta shiga gida.

A bayan katangar zauren, inda rana ke fara sauka, Inna Kulu na durƙushe a gaban tabarma tana baza barkono. Hannunta na cikin barkonon, amma ba ya motsi.

*

A ɗaki Inna ta zauna bakin gado, ta ce a rufo ƙofa.

"Don mi ba ki gaya man ba jiya?"

"Babu abin faɗa, Inna. Subutar baki ce."

"Ba subutar baki ba ce. Gaskiya kinka faɗa, an san ni da shi." Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ni ina nan ina ganin kaina niy yi ma hukunci, ni da Malam. Ban san ke ka biya ba."

Wasila ta zube a gabanta ta riƙe ƙafafunta.

"Inna, don Allah kada ki sa wannan a ranki. Ba ki yi laifi ba. Ko ni ce haka zan yi."

"Kin ji ko? Abin da matar ke tsoro ke nan."

"To ta ji tsoron. Ba na son auren."

"Ƙarya kike. Na ga yadda kinka murza ƙullin ga shekaranjiya. Ba a yi ma wanda ba a so irin wanga aiki." Ta ɗora hannu a kan Wasila, abin da ba ta saba yi ba. "Mi ar rage man? Na tsufa. Shi ma ya tsufa, an ce ko gani bai yi sosai. In tahi in zauna ɗakin da nib bari, in dafa mai tuwo, mi za ya rage ni da shi?"

"Zai ce ƙafarki ta mayar da ke. A gaban kowa zai faɗa."

"Sai shi faɗa."

"Ni ba zan iya ji ba. Wallahi in kika taka gidan nan saboda ni, duk ranar da na buɗe ido a ɗakin Junaid sai na tuna da mi aka saye shi. Kina so in zauna haka? Ki yi mani alkawari, Inna. Ki ce ba za ki je ba."

Kuka ya ci ƙarfinta har maganar ta daina fita. Inna ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa mata baya, tana kallon bango.

"To, na ji," ta ce.

"Alkawari?"

"Na ce na ji. Tashi ki wanke ido, azahar ta yi."

Da suka idar da salla Inna ta jawo turmi ta soma daka, kamar babu abin da ya faru. Wasila na zaune a bakin ƙofa tana kallon ta. Ta san uwarta. Matar da ta riƙe magana ɗaya shekara ashirin da uku ba za ta sauka daga maganarta don kawai ta ce ta ji ba. Yau ne ko gobe ko jibi, za a wayi gari a ga ɗakin a rufe.

Hanya ɗaya ce za ta hana ta. A cire dalilin tafiyar.

Ta ɗauki mayafi ta ce za ta je karɓo ɗinki. Inna ba ta ɗago ba, ta ce a dawo lafiya.

*

Kawu Maccido na zaune a rumfarsa a kasuwa, tsakanin buhunan gero da shinkafa, yana jan carbi. Ya yi mamakin ganin ta, don ba ta saba zuwa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta zo da amsa, ba sai ƙarshen wata ba.

Ta ce ya ce wa su Haruna su turo.

Kawu ya ajiye carbin. Ya tambaye ta ko wani ya matsa mata, ta ce a'a. Ya tambaye ta yaron Arkilla fa, ta ce Allah bai yi ba. Ya ce Haruna mutumin kirki ne, ba ya da abin zargi, amma aure ba a shiga shi da fushi, ta je ta kwana a kan maganar.

"Ba fushi ba ne, Kawu. Na yi tunani."

"Kin san ni. In nib ba mutane magana, ba ni karɓe ta."

"Na sani. Shi ya sa na zo wajenka."

Sau uku ya tambaye ta, sau uku ta ce ta yarda. Sannan ya ciro wayarsa daga aljihu, ya nisanta ta da ido yana neman lambar, ya kira baffan Haruna. Tana durƙushe ta ji an yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi iyali da kasuwa da zafin gari. Ta ji ya ce, "Alhaji, maganar ga taku, mun ba ku. Ku taho ran Laraba bayan la'asar." Ta ji hamdalar da ake yi a can ɓangaren har tana fitowa daga wayar.

A cikin keke ba ta yi kuka ba. Wani irin sanyi ta ji, kamar wadda aka cire wa haƙorin da ya daɗe yana ciwo. Tana ta shirya yadda za ta faɗa wa Inna. Inna za ta yi faɗa, za ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba, amma za ta kwana a ɗakinta, da mutuncinta.

Ta yi sallama a tsakar gida. Anti Khairiyya ce ta amsa, tana tsaye bakin rijiya, guga a hannu, ba ta ja ruwan ba.

Turmin na nan an kife shi, an jingine tabarya a jikin dogon yaro. An share wurin tas. Ƙofar ɗakin Inna da kwaɗo.

"Ina Inna?"

Anti Khairiyya ta ajiye gugar.

"Kina fita ta shiga wanka. Ta sa atamfar nan tata mai ruwan ƙasa, ta ɗauki ƙaramin akwati. Na riƙe ta, na ce ta jira yayanta ya dawo, ta ce in ta jira ba za ta iya ba." Ta nuna ƙofar ɗakin Wasila da haɓa. "Ta bar miki wancan."

Babban gwangwanin madara ne, wanda Inna ke ajiyar yaji. Wasila ta ɗaga shi ta ji nauyi. An cika shi har baki, an danne.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce, ki ce ma Wasila ta kira yaron ga, su turo."

Wasila ta juyo a hankali.

"Haka ta ce? Ta faɗi sunan?"

"Da bakinta. Har ta kai zaure ta dawo ta sake faɗa, kamar mai ɗanɗana shi. Ni ma sai da jikina ya yi sanyi."

Wayar da ke hannunta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Junaid. Gwaggo ta kira Hajiya daga Ƙofar Rini, ta ce ta ga shigar Inna gidan Malam da idonta, da akwati a ka. Hajiya ta ce magana ta ƙare, a sanar da Kawu, manya na nan tafe ranar Laraba bayan la'asar. A ƙarshe ya rubuta alhamdu lillahi har sau uku.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta zauna a dokin ƙofa da gwangwanin a cinya. Ba ta san lokacin da ta buɗe murfin ba. Ƙamshin citta da kimba da gasasshiyar daddawa ya taso mata, da shatin yatsun Inna huɗu a saman garin, inda ta danna.

"Lafiya?" in ji Anti Khairiyya, ta matso. "Ba abin da kike so ke nan ba? Mi ne na kuka kuma?"

Wasila ta mayar da murfin, ta rungume gwangwanin a ƙirjinta.

"Yaji ne, Anti," ta ce.